Doguwar Igiyar da Ta Kashe Duna a Hanyar Kebbe

Zuwa ga Alhaji, mai motocin a-kori-kura da ke jigila tsakanin ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, waɗanda aka rubuta wa "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" a goshi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu ci a ƙarƙashinka. Ban rubuta sunanka ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Wanda ke bin hanyar ya san ka, wanda ba ya bi kuwa darasin ya ishe shi. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda na yi ta a rumfarka, aka mayar da ita abin dariya.

Alhaji, akwai wani kuskure da kusan kowa ke yi a ƙasar nan, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mun ɗauka cewa in za a ɗaure dabba, doguwar igiya ita ce tausayi, gajeruwa kuwa mugunta. A turke haka ne. Akuyar da aka sakar wa igiya tana kai wa ga inuwa, tana kai wa ga ruwa da harawa. Amma turke ba ya tafiya. A bayan mota mai gudu, doguwar igiya ita ce ke kai dabba bakin bodi, ta bar ta ta faɗa, sannan ta hana ta kuɓuta. Ni malamin kimiyyar noma ne a wata makarantar sakandare a nan Tambuwal, kuma duk shekara nakan tambayi sababbin ɗalibaina wace igiya ce ta fi a mota. Kusan duka ajin kan ce doguwa. Ba na yi musu faɗa, domin a gida suka gani. Nakan zana musu mota a allo, mu bi igiyar da ido tare, har su gano da kansu. Ban taɓa zaton za a zana mini wannan darasi da jini a kan hanyar Kebbe ba.

Ga abin da ya faru, daki-daki.

1. Kawu Dikko ƙanen mahaifiyata ne. Tsoho ne manomi mai 'yan tumaki da awaki a wani ƙauye gaba da Kebbe. 'Ya'yansa maza suna ci-rani, sai damina suke dawowa, sun bar masa mata da jikoki. Idonsa ya fara yana, ba ya gane mutum sai ya matso. Yana da karnuka biyu: Duna, baƙi wuluk, da ƙanwarsa Goshi, mai ɗigon fari tsakanin ido. Duna ne babba, shi ne idon Kawu. Shi ke raka tumaki daji ya dawo da su, shi ke kwana a bakin garke, shi ya san bambancin takun ɗan gida da na baƙo. Kawu bai taɓa shigar da shi ɗaki ba, bai taɓa barin ya lashi kwanon mutane ba. Kaskonsa daban yake a gindin rumbu. Kare ne na aiki, irin wanda kowane makiyayi da manomi ya san amfaninsa.

2. Da kakar da ta wuce wani mahaukacin kare ya ratsa ƙauyen. Ya ciji awaki, ya ciji matar maƙwabcin Kawu a hanyar rijiya. An garzaya da ita asibiti, ta sha allurai, Allah ya tashi kafaɗunta. Ka san dai ciwon haukan kare, in ya riga ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Hanyar tare shi ita ce a riƙa yi wa karnukan gida allurar rigakafi. Na je ƙauyen na zauna da magidanta a ƙofar masallaci bayan la'asar, na yi musu bayani har suka gamsu. Amma mutanen karkara ba sa tsoma ƙafa biyu a ruwan da ba su san zurfinsa ba. Suka ce Dikko ya fara kai nasa, in ya dawo lafiya kowa zai bi.

Maganin a firij yake a ofishin likitan dabbobi a nan Tambuwal, kuma likita ba zai rufe ofis ya tafi daji saboda kare ɗaya ba. Babur ba ya ɗaukar babban kare a wannan hanya. Motocinka kaɗai ke shiga ƙauyen ran kasuwa. Saboda haka ni da ɗalibaina muka ƙera keji da guntayen katako da waya. Muka bar masa kafofin iska ta ko'ina, muka shimfiɗa buhu a ƙasansa domin ƙarfen mota na ƙona tafin ƙafa in rana ta take, muka sa masa zobba a kusurwoyi na ɗaurewa. Yaran nan sun yi aikin da zumuɗi, har gardama suka yi kan wanda zai buga ƙusar ƙarshe. Na aika kejin tun da wuri, Kawu ya riƙa ajiye wa Duna tuwonsa a ciki har ya saba da shi, yana shiga da kansa ya kwanta.

Na sami direbanka wanda ake wa laƙabi da Guguwa. Na nuna masa yadda za a ɗaure kejin a tsakiyar bodi. Na biya kuɗin mutum biyu na wurin kejin, ban da kuɗin Kawu. Ya karɓa ya soke a aljihu, ya ce, "An gama, Malam."

3. Daga ƙauyen zuwa Kebbe, Duna na kwance a kejinsa, ko haushi bai yi ba. Ban kasance a motar ba, ina tashar Tambuwal ina jira. Abin da zan faɗa daga nan na ji shi ne daga bakin Kawu, da kuma bakin Inna Tumba mai daddawa, wadda ke zaune a baya kusa da kejin, kuma ta ce in kira ta ko gaban wa ne za ta maimaita.

A Kebbe wani ɗan kasuwa ya zo da buhunan gero. Wuri ya yi kaɗan, shi kuma ya ce ba zai jera abincin mutane kusa da kare ba. Guguwa ya dubi buhunan, ya dubi kejin, ya ce a fitar da karen. Kawu ya ce masa, "Ɗana, wurin nan an biya shi." Amsar da ya samu ita ce, "Baba, wanga kare sarki na? Mutane na bisa buhu, shi shina cikin ɗaki?" Aka yi dariya. Aka sauke kejin aka jefar gefen tasha, aka loda gero.

Sai Guguwa ya ɗauko igiyar ɗaurin kaya, ya yi mata zarge, wato ƙullin nan da ke ƙara shaƙewa duk lokacin da aka ja. Ya sa a wuyan Duna, ya ɗora shi bisa buhunan, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen baya. Ya bar igiyar da tsawo, ya ce wai don karen ya sha iska. Daga nan ya buɗe wa Kawu ƙofa, ya ce, "Baba, zo gaba, kai babba na, ba ka zama cikin ƙura." Kawu ya ɗauka girmamawa ce. Ya shiga ya zauna inda ba zai ga abin da ke bayansa ba.

4. Wata mota ta riga su tashi, kuma akwai fasinja a wani ƙauye a gaba. Guguwa ya ƙudura sai ya riga ta. Ka san hanyar, ba sai na kwatanta maka ramukanta ba. Buhunan zamani santsi gare su, farcen kare ba ya kama su. Duna ya yi ta zamewa yana komawa, har motar ta faɗa wani rami ta yi tsalle, ta watsa shi waje.

Da igiyar gajeruwa ce, da bai kai baki ba. Da babu igiya ma sam, da ya faɗi ya gurje ya tashi ya nemi hanyar gida. Amma igiyar tausayi ce, mai tsawo. Ta kai shi daidai inda ƙafafunsa ke taɓa ƙasa, wuyansa na rataye. Inna Tumba ta ce da farko gudu ya yi. Ya bi motar da iyakar ƙarfinsa, harshe waje, yana ɗaga kai yana duban mutanen da ke sama. Ta ce da ya gaji sai ƙafafun baya suka saki, ya koma ja. Ta yi ta dukan rufin gidan direba da tafin hannu har ya kumbura. Wasu suka taya ta. Wani ya miƙa hannu zai kwance igiyar, nauyin karen ya riga ya ɗame ƙullin, ga mota na tsalle. Wasu kuwa dariya suke yi, har da mai cewa wannan kare ya fi motar lafiya.

Guguwa na da madubi, kuma ya duba. Kawu ya ji dukan rufi ya tambayi abin da ke faruwa, sai Guguwa ya ce masa, "Ba komi, Baba, karenka ka motsa jini." Da Kawu ya gane, ya kama hannun rigarsa yana haɗa shi da Allah da Annabi ya taka birki. Guguwa ya fizge hannunsa ya ce, "Ba ni bari a kwashe min fasinja don kare."

Bai tsaya ba sai a ƙauyen da yake hari. Ya riga ɗaya motar, ya sami fasinjansa. Ya sauko ya kwance igiyar, ba don karen ba, don igiyar tasa ce, yana mita an ɓata masa ita da jini. Ya sa ƙafa ya ture Duna gefen hanya. Kawu ya sauka. Mota ta wuce.

5. Ni ina tasha da kwanon ruwa a hannu, na riga na gaya wa likita muna tafe. Motarka ta iso babu keji, babu Kawu. Na tambayi Guguwa. Ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, ya ce, "Malam, tsohonka ya sauka hanya, shina zaman makoki. In za ka tahi, riƙa goro, ka yi muna gaisuwa." Tasha ta ɗauki shewa. Inna Tumba ce ta ja ni gefe. Ta nuna mini ƙarfen baya, ta nuna mini hanya.

Na hau babur. Ban tambayi kowa wurin ba. Na tarar da Kawu zaune a ƙasa gindin wata tsamiya, kuma daga inda yake, wani baƙin layi ya miƙe a kan jar ƙasa ya nufi Kebbe har iyakar ganina.

Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, domin direbanka ya bar mana shi mu gani. Tafukan ƙafafun Duna babu su, sun cinye har ƙashi. Faratansa sun zube. Fatar gefensa ɗaya ta tafi tun daga kafaɗa har cinya, tsakuwa ta shige cikin naman. Wuyansa ya yi zobe inda igiyar ta nutse. Yana numfashi da wani sauti kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Kawu, wanda bai taɓa yarda kare ya gogi rigarsa ta salla ba, ya cire rawaninsa ya tada masa kai da shi. Yana tsiyaya ruwan butarsa a wani ɓallin ƙwarya yana kai masa baki, amma maƙogwaron ya murƙushe, ruwan sai ya dawo ta hanci. Kawu ya kira sunansa a hankali. Karen nan, a wannan hali, ya motsa wutsiya.

Bai kai la'asar ba. Muka ari fartanya wurin wani manomi muka haƙa rami. Muka mayar da ƙasa, sannan Kawu ya juyo gare ni. Ya ce da ni, "Ba shi yarda baƙo shi taɓa mashi wuya. Ni na riƙe mashi kai anka sa igiyar. Don ni ya tsaya."

Ina koyar da yara yadda ake fiɗa da yadda ake yanka, jini ba baƙona ba ne. Wannan magana ta Kawu ita ce ta hana ni cin abinci a ranar.

6. Na zo rumfarka da ladabi, na gaishe ka, na zayyana maka duk wannan. Ka saurare ni har ƙarshe, na yaba maka da haka. Sannan ka yi murmushi ka ce, "Malam, karatun boko ya kawo ku ga wanga? Karnuka na nan cike da bola, ɗauki biyu, na biya." Ɗaya daga cikin masu zama da kai ya ce ai an samu limamin karnuka, saura ladan. Sunan ya riga ni isa makaranta. Na tarar da shi rubuce da alli a bangon bayan aji.

Sunan bai dame ni ba, malami ya saba da laƙabi. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da ɗalibaina suka yi mini: ina kejinmu, kuma me ya sa bai yi aiki ba? Na gaya musu gaskiya, cewa kejin ya yi aikinsa daga ƙauye har Kebbe, mutum ne bai yi nasa ba.

Kejin kuwa na gan shi. Bayan 'yan makonni motarka ta shigo tasha, ga shi a tsakiyar bodi, an ɗaure shi ta zobbansa duka, daidai yadda na nuna wa Guguwa. An ma yafa masa ganye a sama saboda rana. A ciki akwai zabbin da aka sayo maka daga ƙauye. Guguwa ne ke tuƙi, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tsaya na kalla har aka sauke su ɗaya bayan ɗaya, ko gashi bai fita daga jikin ɗaya ba. A ranar na gane cewa ba sani ne ya yi wa ma'aikatanka ƙaranci ba. Sun iya ɗaukar dabba lafiya, in ta maigida ce.

7. An fake da addini, to bari mu taɓa shi kaɗan. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma a garin malamai muke, kai da ni. Ka tsallaka zuwa kowane zaure ka tambaya ko an hana manomi da makiyayi riƙon kare don gona da garke. Ka tambaya ko akwai inda aka halatta azabtar da abin da ke da rai don an ƙyamace shi. In kuwa tsabtar gero ake ji, wanne ya fi kusa da buhu: karen da ke rufe cikin keji, ko wanda aka ɗora bisa buhunan yana taka su yana zubar da yawu saboda tsoro? Wanda ya ƙi kare kusa da hatsinsa, hatsin nan ya iso Tambuwal da sawun kare a kansa.

8. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin Duna ya riga ya tafi, wasiƙa ba ta tada shi. Goshi tana nan, kuma ba a yi mata allura ba. Kawu ya ce dabbarsa ba ta ƙara hawa mota. Magidantan da suka ce za su bi bayansa duk sun janye, kuma ban ga laifinsu ba, sun ce Dikko ya fara, sun kuwa ga yadda ya ƙare. Ga rani ya shigo, lokacin da karnukan daji ke matsowa gari neman ruwa. Goshi ita kaɗai ke tare su a bakin garke da dare, da safe kuma ita ce jikokin Kawu ke ja wa kunne a tsakar gida. In wani mahaukacin ya sake ratsowa ya cije ta, ba a garke abin zai tsaya ba. Matar maƙwabci ta tsira don an ga cizon an ruga da ita. Yaro ƙarami ba ya faɗin ɗan yakushin da karen gidansu ya yi masa.

Na yi ta zarya wurin Kawu ina lallashi, na haɗa da mahaifiyata, ita ce yayarsa, ba ya iya musa mata. Daga ƙarshe ya sassauta, bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, Goshi ta shiga kejinta ta fita a Tambuwal, kada wanda ya buɗe shi a hanya. Na biyu, mai motocin da kansa ya faɗi haka da bakinsa a gaban direbobinsa, domin ya ce ya riga ya ji "an gama" daga bakin direba. Ka ga ke nan maganar ta dawo hannunka. Kalma ɗaya ce daga gare ka, ƙauye guda na jiran ta.

Saboda haka ina roƙon ka waɗannan abubuwa, kuma babu kuɗi a cikinsu. Ba na neman diyya, ba na son karnukan bola biyun da ka yi mini tayi.

Ka mayar mana da kejinmu. In zabbinka na bukata, ɗalibaina za su ƙera maka wani, da murna ma.

Ka tara direbobinka ka kafa musu doka cewa ba a ɗaure kare ta wuya a mota, balle da zarge. Keji shi ne ya fi, a ɗaure shi a tsakiya kada ya zame. In babu keji, a ɗaure ta ƙirji: a sami ƙyalle mai faɗi ko maɗaurin buhu, a zagaya bayan ƙafafun gaba, a kawo ta gaban ƙirji, a haɗe a gadon baya da ƙullin da ba ya shaƙewa, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Daga nan a ja igiya biyu gajeru, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda zai iya tsayawa ya kwanta amma hancinsa ba zai kai bakin bodi ba. Wurinsa can gaba kusa da gidan direba, a kan daɓen mota, ba bisa kaya ba. A shimfiɗa masa buhu ko kara saboda zafin ƙarfe. Kada a cika masa ciki kafin tafiya, amma a ba shi ruwa in an tsaya. In ana tsoron cizo a sa masa takunkumi mai sako-sako, domin kare da baki yake fitar da zafin jikinsa, in ka ɗaure bakin tam a rana ka kashe shi ta wata hanyar. Masu ƙananan motoci kuma su ji: but ɗin bayan mota da aka rufe ba wurin mai rai ba ne.

Ka gaya musu cewa in fasinja suka daki rufi, a tsaya. Yau kare ne a ƙarshen igiya. Direban da ya saba jin dukan rufi yana taka mai, ran da mayafin wata ya shiga taya ma sai ya riga ɗaya motar tukuna.

Ban ce ka kori Guguwa ba, yana da iyali, kuma korarsa ba za ta koya wa sauran komai ba. Ka sa shi ya je ƙauyen ya durƙusa gaban Kawu ya nemi gafara. Tsohon nan a haife ya haife shi. Wanda ya iya aika gaisuwar makoki ta tasha, ya iya kai ta da ƙafarsa.

Ni kuma na yi alkawarin zuwa tasha da ɗalibaina duk ranar da ka zaɓa, mu nuna wannan ɗauri ga direbobi da mafarauta da duk mai so, mu bar musu maɗauran kyauta. Abu ne da ake koya kafin shayi ya huce. Ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikinsu ba mugaye ba ne, turke kawai suka sani.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare motocinka da waɗanda ke cikinsu, ya raba ka da asara. Allah ya ba ka ma'aikatan da za su tsare maka mutunci a inda ba ka gani. Allah ya sa ranar da za ka kasance a hannun wani, ba ka da bakin magana, ka faɗa hannun mai taka birki.

In har yanzu kana ganin na cika baki, kada ka ɗauki maganata, ka gwada da kanka. Ka yi zarge ka sa a wuyan hannunka, ka ba wani ya ja sau ɗaya. In wannan bai isa ba, layya na tafe, kuma na san daga ƙauyukan Kebbe ake kawo maka rago. Ka sa a ɗora shi bisa buhunan gero, a zarga masa igiya a wuya, a sakar masa tsawo don ya sha iska, ka miƙa wa Guguwa makulli. In ya iso Tambuwal da ƙafafunsa, zan zo rumfarka in durƙusa ku naɗa mini rawanin limancin nan a gaban kowa. Na san ba za ka yi ba, ni ma ba na so ka yi, ragon bai yi wa kowa laifi ba. To ka cika jarka biyu da ruwa, ɗaya a ɗaure ta ta wuya da doguwar igiya a ƙarfen baya, ɗaya ta ciki da gajeru biyu a tsakiya. Ka shiga motar da kanka daga Kebbe, ka ga wadda za ta kawo ruwanta.

Ran kasuwa mai zuwa zan kasance a ƙauyen tun da hantsi, ni da Kawu da Goshi, muna jiran keji da kalmarka. In sun zo, za mu hau. Kawu ya ce a gaya wa direba tun yanzu cewa a baya zai zauna, hannunsa bisa kejin. Ya ce ya gode da kujerar gaba.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malamin kimiyyar noma,
Tambuwal.